Maroƙin Ard al-Liwa

Ranar Talata ce, bayan la'asar, cikin watan Maris na 2014. Ukasha na tsaye a wani tsohon gareji a unguwar Ard al-Liwa ta ƙasar Masar, jitar lantarki rataye a wuyansa. Abokinsa Jesse, ɗan Kafanchan, na bayan ganguna yana ta zufa. Sun kai tsakiyar kiɗa ke nan tsirkiya ɗaya ta tsinke. Aka yi tsit.

Ba a yi minti biyu ba aka bubbuga ƙofar ƙarfen.

Budurwa ce. Doguwa, baƙa, cikin abaya ruwan toka, yatsunta duk fenti. Ta zubo Larabcin Masar da sauri, fuska a haɗe.

Ukasha ya saba da maƙwabta. Bai ma tsaya saurara ba. Ya juya ya ce da Jesse da Hausa, "Ga wata kuma. Ba ta haƙuri ta tafi."

"Ni ba haƙuri na zo karɓa ba, malam," ta ce da Hausa tas. "Cewa na yi me ya sa kuka tsaya?"

Sandar Jesse ta faɗi ƙasa.

Ta nuna bangon hagu. Bayansa akwai ɗakin da mata ke koyon zane. Sati uku ke nan tana zane da hayaniyarsu, in ji ta.

"Kana tsayawa hannuna ya tsaya. Ga ja a buroshina yana bushewa."

"Tsirkiya ce ta tsinke."

"To a ɗaura wata mana. Yalla, yi sauri."

Ta tafi. Ukasha ya ɗauko sabuwar tsirkiya. Sau biyu tana sukarsa a yatsa kafin ta ɗauru. Jesse kuwa dariya kawai yake cikin hular sanyinsa.

Ukasha ɗan Tudun Wadan Zariya ne. Shekara huɗu da zuwansa Masar karatun Larabci. Da safe aji, da yamma jita. Wani ɗan Sudan da suka zauna ɗaki ɗaya ne ya koya masa, da zai tafi ya bar masa ita. Ba shi da yawan magana. Wasu ɗalibai na ce masa miskili, wasu na cewa girman kai ne. Shi dai bai taɓa gyara musu ba.

Ita kuwa Shafa'atu sunanta. Mahaifinta Alhaji Iliya ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, suna zaune a unguwar Dokki. Ya yarda ta yi zane bisa sharaɗi ɗaya: ban da abu mai rai. Ba mutum, ba tsuntsu, ko ƙuda. Sai ta koma zana launi zalla. Shekara biyu tana rasa abin da za ta ce da launin, har ranar da kiɗan wani ya ratso bango.

Ranar Alhamis ta kira su su ga aikin. Ukasha ya tsaya gaban wani ƙaton ƙyalle. Ja ne, da baƙi yana tsaga shi kamar an yaga.

"Wannan mene ne?"

"Kai ne. Makon jiya."

"Ni ba ja ba ne."

"Makon jiya ja ne kai. Wa ya ɓata maka rai?"

Ya tuna. Malamin Nahawu ne ya tsinka shi gaban aji. Bai gaya wa kowa ba, jitar kawai ya gaya wa. Ya dubi yarinyar, ya dubi ƙasa.

"Ba ni lambarki," ya ce.

"Haka kawai? Ba ko don Allah?"

"Don Allah."

Daga nan saƙonni suka fara. Nata dogaye, nasa gajeru.

Ta rubuta: "Mai Hayaniya, yau me ya same ka? Kiɗan sanyi-sanyi kamar wanda aka yi wa albishir. Shuɗina ya ƙare saboda kai. Sai ka saya min."

Ya amsa da "to" ɗin Larabawa: "Tamam."

"Tamam kawai? Kai ko tausayin yatsuna ba ka ji?"

"Ina ji, 'Yar Fenti. Ban iya faɗa ba ne. Gobe zan kaɗa miki."

Washegari ya kaɗa. Ta bango ta ji. Da yamma saƙo ya shigo: "Na ji. Ni ma haka."

Ya karanta sau goma sha ɗaya a cikin tuktuk, keken haya mai ƙafa uku.

Ran Asabar yakan raka ta har tashar jirgin ƙasa na metro. Su sayi kushari, haɗin shinkafa da taliya na Masar, su ci a tsaye. Ita ke surutu, shi yana tsince mata albasa don ba ta so. Wata rana ta ce, "In mun yi aure kai ma haka za ka riƙa min shiru?"

"In mun yi me?"

"Ka ji ni sarai."

Ya daɗe yana kallon cokalinsa. "Zan riƙa magana. Kalma biyar kullum."

"Goma."

"Bakwai."

"Allah Ya shirye ka, Ukashana."

Amma lokaci ba nasu ba ne. Wa'adin aikin Alhaji Iliya zai cika a watan Agusta, iyali duka za su koma gida. Ga kuma Abdulbasit, ɗalibi mai digiri na biyu, mai farar jallabiya da daɗin baki. Duk Juma'a yana gidan Alhaji cin tuwo. Ya riga ya shigar da maganarsa. Alhaji ya ce yana so ya ɗaura wa 'yarsa aure kafin jirgi ya tashi.

Shafa'atu ta samu mahaifiyarta, Hajiya Dije, a kicin tana markaɗa tattasai a bilenda.

"Mama, akwai wanda nake so."

"Ɗan wa ne? Me yake yi?"

"Ɗan Zariya ne, ɗalibi. Yana kuma kiɗan rok."

"Yana me?" Injin na ta ƙara.

"Rok, Mama! Rok yake yi!"

Hajiya ta kashe injin. Ta dubi 'yarta ta daɗe. Ta ce, "To." Shafa'atu ta fita da murna, a zatonta magana ta yi kyau.

Da Alhaji ya dawo daga ofis Hajiya ta rufe ƙofar ɗaki. "Alhaji, mun shiga uku. Yarinyar nan maroƙi ta kwaso. Da bakinta ta ce roƙo yake yi."

"A Masar? Wa yake roƙa a Masar?"

"Oho. Ka san su ba sa rasa wanda za su wasa."

Ran Juma'a Alhaji ya ja Abdulbasit gefe. "Kai ka san ɗalibai. Gaskiya ne yaron nan Ukasha roƙo yake?"

Abdulbasit ya san rok, ya san roƙo. Ya gyara hularsa. "Eh to, Baba. Ni dai ban son gulma. Amma da bakinsu haka suke kiran abin."

Mahaifin Jesse ma a ofishin yake aiki. Kwana biyu magana ta iso gareji.

"Mutumina, ka zauna tukuna," Jesse ya ce. "Wai Alhaji ya rantse ba zai ba maroƙi 'yarsa ba. Wai ita ta gaya wa uwarta haka kake."

Ukasha ya miƙe. Ya zare jita daga wuya, ya sa ta a jaka, ya ja zif.

Kwana biyar ba kiɗa a Ard al-Liwa. Mai shayin bakin layi har ya yi hamdala.

Saƙonninta na ta shigowa.

"Mai Hayaniya, lafiya? Bango ya yi shiru."

"Ukasha, ka ɗaga waya don girman Allah."

"Abba ya daina min magana, kai ma ka daina. Me na yi muku?"

Rana ta biyar, yana cikin ƙaramar bas zai tafi makaranta, ya amsa: "Ubana tela ne. Kakana ma tela. Ban taɓa wasa kowa don ya ba ni ba. In maroƙi kike gani na, ma'alish, ba komai. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Minti uku suka wuce. Sai ga nata: "Innalillahi. Ukasha, rubuta sunan kiɗanka ka karanta da ƙarfi. Sannan ka sake karantawa da kunnen Mama, bilenda na aiki."

Ya ce a hankali, "Rok." Ya sake cewa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ya shekara bai yi ba. Wata tsohuwa Bamisriya da ke gefensa ta matsa da jakarta.

Ya rubuta: "Na tuba, 'Yar Fenti."

"Ba ka tuba ba tukuna. Kwana biyar ɗin nan sai ka biya ni da kalma ɗari. Kuma ran Juma'a ka zo ka ga Abba. Ka sa manyan kaya."

Ya je. Shadda ruwan sama, aron wani ɗan Katsina, ta ɗan yi masa yawa. Ya zauna a ƙasa kan kafet. Alhaji Iliya na kan kujera, gajere mai furfura, tabarau a kan hanci. Ya saurari bayanin har ƙarshe.

"Na ji. Ba roƙo ba, rok. Kiɗan Turawa." Ya cire tabarau. "To yaro, ai da maroƙin ne ma da sauƙi."

Ukasha ya ɗago.

"Eh mana. Makaɗin garinmu in ya buɗe baki zai gaya maka uban wane, kakan wane, wa ya yi yaƙi, wa ya gudu. Manomi ya ji ya ƙara kuyya goma. Wannan kiɗa ne mai aiki. Naka fa? An kunna min a waya. Kamar an saki janareto cikin kwano. Waƙa nawa ka yi?"

"Babu waƙa a nawa, Baba. Kiɗa ne zalla."

"Ka ji ko! Ko maganar ma babu. To me yake cewa?"

Ukasha ya buɗe baki. 

Daga bayan labule murya ta fito. "Yana cewa, Abba. Duk zanen da na yi bana daga kiɗansa na ji shi."

"Wa ya sa da ke?" Amma bai daka mata tsawa ba. Ya shafa gemu. Mutum ne mai son gardama, duk ofis an san shi. "To shi ke nan. Gobe bayan la'asar ka zo da abin naka. Ita ta jera zane uku. Ka kaɗa, ni in nuna wanda kiɗan ya haifa. Ni ban san komai a ciki ba. In akwai magana, ai zan ji ta. In na ci duka, na ba ka ita. In na faɗi ko ɗaya, khalas, magana ta ƙare, ka bar min 'yata, Abdulbasit na jira. Ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

A bakin lif Shafa'atu ta same shi, idonta ya yi ja. "Me ya sa ka yarda? Abba ko kore da shuɗi sai ya sa tabarau."

"Da na ƙi, na faɗi tun yau."

"Ina tsoro, Ukashana."

"Ni ma."

Washegari ya hau bene na shida da jita da 'yar ƙaramar sifika. An jingina zane uku da bangon falo. Na farko ja mai tsagin baƙi. Na biyu shuɗi mai zurfi, kamar a faɗa ciki. Na uku ruwan ƙasa, fili fetal, da ɗan farin layi can sama. Hajiya Dije ta kawo karkade, zoɓon Masar, ta zauna a gefe da carbi. Shafa'atu na tsaye bayan kujerar mahaifinta, inda ba ya ganin fuskarta.

Ukasha ya yi bismilla a zuci, ya saki na farko. Gilashin taga ya ɗauki rawa. Hajiya ta toshe kunne ɗaya.

"Isa, isa!" Alhaji ya ɗaga hannu. "Wannan ko jaki ya san ja ne. Faɗa kake da wani."

"Haka ne, Baba."

"Sai na biyu."

Na biyun a hankali yake. Sauti ɗaya ya fito, ya daɗe, ya lanƙwasa, ya mutu. Wani ya biyo shi. Ukasha ya rufe ido. Wannan ne Shafa'atu ta zana da shuɗi, ta ce shi ta fi so duk cikin kiɗansa.

Alhaji bai ce isa ba. Ya bari har ya ƙare. Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna ruwan ƙasa.

"Wancan."

Shafa'atu ta dafe baki. Ta kalli Ukasha, ta gyaɗa masa kai da sauri, ta sake gyaɗawa. Ba wanda ya san amsar sai su biyu. In ya ce eh, shuɗi kaɗai ya rage, na ukun ya ci kansa.

"Na ci?" Alhaji ya tambaya.

Ukasha ya dubi idonta. Hawaye ya cika su. Ya sunkuyar da kai.

"A'a, Baba. Shuɗin ne."

Carbin Hajiya ya tsaya. Shafa'atu ta juya ta fuskanci bango. Ukasha ya durƙusa ya zare wayar sifika, ya fara naɗe ta a hannu. 

"Na gode da lokacin da aka ba ni, Baba."

"Ina za ka?"

"Sharaɗi ne. An faɗi ɗaya."

"Wa ya faɗi? Ni?" Alhaji ya miƙe tsaye. "Ni ban faɗi ba. Ita ce ta faɗi. Ke Shafa'atu, zo nan. Ina shuɗi a cikin wannan kiɗan?"

"Abba, ruwa ne. Kamar Nilu da sassafe, kamar mutum na kewar..." Ta rufe fuska don kunya.

"Ruwa! Ruwa na tafiya ne, wannan kuwa tsaye yake wuri ɗaya. Mayar da wayar nan, yaro. Sake kaɗa farkon."

Ukasha ya mayar. Ya kaɗa.

"Kin ji? Kin ji yadda yake kira ba a amsawa? Wannan fili ne. Ƙasa ce da aka tona aka mayar." Ya juyo ya tsura wa Ukasha ido ta saman tabarau. Muryarsa ta sauka. "Wa ya rasu maka?"

 Can ƙasa ana jin hon ɗin motocin Dokki.

"Innata," Ukasha ya ce. "Shekara biyu. Ina nan aka binne ta. A waya na ji."

Shafa'atu ta zuba masa ido. Bai taɓa gaya mata ba.

Alhaji ya koma ya zauna. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ni ina Jidda aka binne tawa," ya ce. "Sai bayan kwana arba'in na ga wurin. Haka yake, kamar wancan zanen. Allah Ya jiƙansu."

"Amin," kowa ya ce.

Hajiya Dije ta share ido da gefen mayafi. "To Alhaji, yanzu an ci ne ko an faɗi? Tun ɗazu kake gardama a kan janareto."

"Ke dai bari." Ya dubi Ukasha. "Na ga inuwarta a gilashin talabijin tana gyaɗa maka kai. Me ya hana ka cewa na ci?"

"Ba ka ci ba ne, Baba. A lokacin."

Alhaji ya yi dariya har da tari. "Hajiya, wannan ko an ɗaure shi ba zai iya roƙo ba. Yunwa ce za ta kashe shi." Ya nuna shi da yatsa. "Karatunka fa?"

"Saura shekara ɗaya."

"Ka gama shi. Jita ba ta hana Nahawu. Ka ba ni lambar mahaifinka."

Da yamma, yana cikin metro, saƙo ya shigo.

"Yau ka kusa kashe ni. Na ji haushinka minti biyu cif. Amma me ya sa ba ka taɓa gaya min zancen Inna ba?"

"Na gaya miki. Ta bango."

"Ban ji daidai ba. Ka yafe min. Daga yau in na ji ba daidai ba ka gyara min da baki, ka ji, angona?"

"Na ji, amaryata."

Abdulbasit ya daina zuwa cin tuwo. Ba wanda ya kore shi.

An ɗaura aure ranar Juma'ar farko ta Agusta, a wani ƙaramin masallaci a Dokki. Wani dattijon malami ɗan Zariya ya karɓa wa Ukasha, mahaifinsa na saurare ta waya daga shagon ɗinki. Ɗalibai suka cika falo, aka ci shinkafa da dambun nama da Hajiya ta ɓoye tun azumi. Jesse ya sa babbar riga yana ta tuntuɓe da ita. Amarya ta sha lalle, karon farko da aka ga yatsunta da launi ɗaya.

Kwana tara bayan haka suka raka su Alhaji filin jirgi. Ita za ta zauna da mijinta a ɗaki biyu da suka kama a Giza har ya gama. Alhaji na rungume da wani abu mai faɗi naɗe cikin bargo. Ya hana kowa taɓawa.

"Abba, wai da gaske da zanen ruwan ƙasan nan za ka tafi?"

"Nawa ne. Ni na gane shi." Ya gyara riƙo. "Shuɗin kuma ki nemo masa kiɗansa, yana nan marar uba. Kai kuma ka kaɗa mata mai daɗi, ka ji? Ya isa haka da kuka."

"In sha Allahu, Baba."

Hajiya ta rungume 'yarta ta ƙi saki sai da aka kira jirgi. Alhaji ya ajiye bargon a hankali, ya kama hannun Ukasha, ya kama na Shafa'atu, ya haɗa su cikin nasa.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya sa ku riƙa jin juna."

"Amin, Abba."

Suka tsaya har suka daina hango farar hularsa. Shafa'atu ta jingina kai da kafaɗar mijinta.

"Ka yi shiru."

"Ina tunanin kiɗan shuɗi ne."

"Ka samo?"

"Na samo farkonsa. Mu je gida ki ji."